Sisili: Abin da Mai Hutu Zai Gani a Babban Tsibirin Bahar Rum

Da zarar bazarar Turai ta kama, dubban mutane kan kwashi jakunkuna su nufi tsibiran Bahar Rum, irin su Malta da Kubrus da Kirit. Wanda ya fi su duka girma shi ne Sisili, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,700 da jama'a wajen miliyan 4.8. Yanki ne na Italiya, ruwan da ya raba shi da gangar ƙasar kimanin kilomita 3 ne a mashigin Mesina, tsakaninsa da Tunisiya kuwa kimanin kilomita 150 ne. Zamansa a tsakiyar teku ya sa duk daular da ta ji ƙarfi sai ta kai masa hannu: Girkawa, Rumawa, Larabawa, Turawan Norman, Sifaniyawa. Kowa ya zo sai ya ɗora nasa kan abin da ya tarar. Saboda haka wanda ya je Sisili ya ƙare kwanakinsa a bakin ruwa kaɗai, bai ci moriyar kuɗin jirginsa ba.

Palermo da sawun Musulunci

Ya kamata baƙo ya fara da Palermo, babban birnin tsibirin. A shekarar 827 rundunar sarakunan Aglabiyawa ta taso daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ta sauka a Mazara. Jagoranta malami ne, Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, kuma littafinsa Asadiyya ne tushen Mudawwana ta Sahnun. A lokacin Asad ya doshi shekara 70, ya kuma rasu a 828 yana kewaye da Sirakusa. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama cibiyar mulkinsu. Matafiyi Ibn Hauƙal, da ya ziyarce ta a ƙarni na 10, ya ce ya tarar da masallatai sama da 300.

Mulkin ya kai har 1072, lokacin da Turawan Norman suka ci birnin. Sarakunan Norman Kiristoci ne, amma ba su kori magina da malamai da ma'aikatan fadar da suka gada ba. Wannan ne ya haifar da gine-ginen da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. A fadar sarakuna akwai ƙaramar majami'a, Cappella Palatina, wadda Sarki Roja na Biyu ya gina. Bangonta ado ne na ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya irin na Rumawan Gabas, rufinta kuma katako ne da aka sassaƙa gida-gida da salon Musulunci, har da rubutun Larabci. Babbar majami'ar birnin tana zaune a inda babban masallaci yake a da, kuma a ƙofarta akwai ginshiƙi ɗaya da har yau ake karanta aya daga Suratul A'araf a jikinsa. Sai fadar Zisa, wadda aka tsara da magudanar ruwa a tsakar zaure domin sanyaya ɗaki, da majami'ar Monreale a kan tudu bayan gari, mai adon zinariya da ya rufe fiye da murabba'in mita 6,000.

A fadar Roja ne Sharif al-Idrisi ya kammala taswirar duniya da littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154, ya sa kudu a sama, ya kuma yi bayanin Gao da Kawar da Kanem. Wato shekaru fiye da 800 da suka wuce, a wannan birni aka zauna ana tattara labarin ƙasashen da ke maƙwabtaka da ƙasar Hausa. Zaman tare bai ɗore ba: a ƙarni na 13 Sarki Firedarik na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin ya kai su Lucera a kudancin Italiya. Abin da ya rage shi ne gini da noma, domin Musulmin ne ake danganta wa yaɗuwar lemun tsami da rake da auduga da dabarun ban ruwa a can.

Bayan an gaji da kallon gini, sai a shiga kasuwar Ballarò ko Capo da hantsi, lokacin da masu kifi da 'yan gwari ke tallar kayansu da ƙarfin murya. A nan ake cin panelle, wani soyayyen ƙulli na garin wake mai kama da ƙosai amma falle-falle, ana cusa shi cikin burodi.

Yamma da kudu

Daga Palermo zuwa Tirapani tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. A gaɓar da ke tsakanin Tirapani da Marsala ake haƙar gishiri ta hanyar tare ruwan teku a fage-fage har rana ta ƙafar da shi, ga tsofaffin injinan iska tsaye a gefe. Abincin yankin kuskus ne da romon kifi, har garin San Vito Lo Capo na yin bikinsa kowace Satumba, a bakin ɗaya daga cikin rairayin da suka fi kyau a tsibirin. A Mazara kuwa akwai 'yan Tunisiya masu yawa da ke aikin jiragen kamun kifi.

A kudu, Agrijento na da jerin ɗakunan bautar Girkawa a kan wani dogon tudu. Wanda ake kira Konkordiya an gina shi a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yana tsaye kusan cikakke, saboda an mayar da shi majami'a a ƙarni na 6 bayan haihuwarsa, abin da ya hana a kwashe duwatsunsa. Wurin fili ne fetal ba inuwa, don haka da sassafe ko da la'asar sakaliya ya fi daɗin zagayawa. Kusa da Piazza Armerina akwai wani katafaren gidan Barume na ƙarni na 4, wanda daɓensa ke nuna yadda ake kamo giwa da jimina da sauran namun daji ana loda su a jirgi zuwa Rum.

Gabas, ƙarƙashin Etna

Gabashin tsibirin yana rayuwa ne da dutsen Etna, mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 3,300, yana kuma ƙaruwa ko raguwa gwargwadon amansa. Mota na kai mutum har Rifugio Sapienza a wajen mita 1,900, daga nan keken igiya ya ɗaga shi zuwa kimanin mita 2,500. Kusantar bakin ramin sai da ɗan jagora mai izini, wani lokaci ma a rufe hanyar baki ɗaya. Ko ana tsananin zafi a ƙasa, sama akwai sanyi da iska, don haka rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi dole ne.

Dutsen na ɓarna, yana kuma ciyarwa. A 1669 narkakken dutse ya gangaro har Katania, amma tokarsa ce ke sa ƙasar yankin albarka, inda ake noman jan lemu da 'ya'yan fistashiyo na garin Bronte. Girgizar ƙasa ta 1693 ta rushe garuruwan kudu maso gabas, aka sake gina Noto da Ragusa da Modika da salo ɗaya mai yawan ado. A Sirakusa, garin masanin lissafi Arkimidis, har yanzu ana yin wasan kwaikwayo a dandalin da Girkawa suka sassaƙa cikin dutse, kuma ginshiƙan tsohon ɗakin bautarsu na nan a bayyane cikin bangon babbar majami'ar garin. Taormina ita ce matattarar masu hannu da shuni. Daga tsohon dandalinta ana hango teku da Etna a lokaci guda, sai dai masauki da abinci na da tsada.

Abin lura kafin tafiya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta akwai cunkoso da tsada da zafi, musamman idan iskar Sahara ta tsallako teku da ƙurarta. A ranar 11 ga Agusta 2021 an auna zafi mai maki 48.8 kusa da Sirakusa, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Turai.

Shiga Sisili na buƙatar bizar Shengen, kuɗinsu kuma yuro ne. Manyan filayen jirgin sama suna Palermo da Katania. Jirgin ƙasa na da nawa a cikin tsibirin, shi ya sa da yawa ke hayar mota, amma tsakiyar tsofaffin birane akwai unguwannin da aka hana baƙuwar mota shiga, masu alamar ZTL, kuma kyamara ke kama mai laifi, tara ta biyo shi har gida. Kantuna da dama kan rufe daga azahar zuwa la'asar.

Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci. Ana sa kitsen alade, wanda suke kira strutto, a wasu nau'o'in burodi da ɓawon kayan zaƙin da ake kira cannoli, kuma curin shinkafar nan arancini sau da yawa akwai naman alade a cikinsa. Kifi da taliya mai yalo da ƙanƙarar lemun tsami da ake kira granita sun wadatar. Akwai masallatai a Palermo da Katania da Mazara.

Mako guda ba zai ishi tsibirin duka ba. Mai kwana bakwai ya zaɓi ɓangare ɗaya, yamma ko gabas, ya yi masa zaman natsuwa. Mai kwana goma zuwa sama ya sauka a Palermo ya tashi daga Katania, don kada ya maimaita hanya. Kuma kafin ya hau jirgi ya karanta ɗan tarihin wurin, domin duwatsun Sisili ba sa yi wa wanda bai san masu gina su ba bayani.