Tazarar Haihuwa a Sansanin Ambaliya: Buƙatar da Ba Ta Jira

Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, dubban ɗaruruwan mazauna Maiduguri da Jere suka bar gidajensu, da yawa daga su sai kayan jikinsu. An sake buɗe sansanin Bakassi, ruwa kuma ya mamaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

A irin wannan hali, shinkafa da tabarma da gidan sauro ne ke fara zuwa zuciyar mai tsara agaji. Amma matashiyar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa kullum, in ruwa ya tafi da maganinta, kariyarta ta yanke cikin 'yan kwanaki. Mai allurar wata uku kuwa, wa'adinta ba ya jiran ruwa ya janye. Wadda aka yi wa fyaɗe tana da kwana biyar kacal ta samu maganin gaggawa. Ga kunya: budurwa ko sabuwar amarya ba za ta nemi wannan a bainar jama'a ba.

Ƙa'idar agaji ta duniya, wadda hukumar UNFPA ke aiki da ita, ta sanya hana ɗaukar cikin da ba a shirya ba cikin ayyukan sa'o'i 48 na farko. Cika wannan na buƙatar ungozoma, da ɗaki keɓaɓɓe, da magani a ajiye tun kafin damina. Wannan shawara kuwa a teburin ma'aikatan NEMA da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ake yanke ta, ranar da ake rubuta jerin kayan agaji.