WASIƘAR WAƘA TSAKANIN SARKIN MUSULMI BELLO DA NANA ASMA'U

Mutanenmu da suka zauna Sabon Badun ko Agege ko Shagamu tun kafin zuwan wayar hannu sun san darajar wasiƙa. A ba direban motar goro takarda ya kai Kano, a zauna jiran amsa mako biyu ko uku. Wasu almajirai kuwa ba sa rufe takardarsu sai sun sa baiti biyu na ajami a ƙarshe, aboki kuma ya mayar da nasa bisa amsa-amo guda. To, wannan al'ada tana da tushe mai nisa.

A wajen 1822 Gobirawa da Azbinawa suka haɗa kai suka tasam ma Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana cikin wannan hali na ɗamarar yaƙi, ya tsara waƙa ya aika wa ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda a lokacin ba ta cika shekara 30 ba. Ita ma ta ɗauki alƙalami ta mayar masa da tata cikin Fulatanci. Ta bi haruffan ayar nan ta Suratul Inshirah mai yin bushara da sauƙi tare da tsanani, kowane baiti ya fara da harafi guda na ayar, bi da bi. Wato duk wanda ya bi farkon baitocin daga sama zuwa ƙasa, ayar zai karanta. Aiki ne mai wuya ko cikin kwanciyar hankali, balle gari na cikin fargaba.

Abin lura shi ne Bello yana da fadawa da malamai maƙil a gabansa, amma ƙanwarsa ya nufa da damuwarsa. Zumuncinsu ya wuce na jini kawai, abokan karatu ne, su biyun 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mijinta Giɗaɗo kuma shi ne Wazirin Bello kuma amininsa. Da Allah ya yi wa Bello rasuwa a Wurno cikin 1837, Nana ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa ƙawarta A'ishatu.

Ba da 'yan gida kaɗai take wannan musaya ba. Ta tarbi wani malamin Shinƙiɗi, ƙasar Muritaniya ta yau, da waƙar maraba cikin Larabci.

Nana ta rasu a 1864. Takarda kuwa abincin gara ce, ga ruwan damina, ga gobara. Zuriyar Giɗaɗo ce ta adana nata, har suka zo hannun Waziri Junaidu, wanda ya bar wata Baturiya, Jean Boyd, ta yi nazarinsu. Ita da Beverly Mack suka tattara su suka buga a Amurka cikin 1997, shekarar da Wazirin ya rasu.