Ranar da aka kashe Waziri mai shi tana barci

A zangon karatun da ya wuce, wani rukuninmu na Telegram ya kusa watsewa saboda mutumin da bai taɓa wanzuwa ba.

Mu tara ne, kuma abin da muke yi wasan labari ne na rubutu zalla. Mun ƙirƙiri wata masarauta, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙe. Mai jan ragama zai shimfiɗa fage, misali a ce ayari ya iso ƙofar gari da magariba, sai kowa ya rubuto abin da nasa jarumin ya ce ko ya yi.

Wata rana da tsakar dare, wanda ke riƙe da Sarkin Yaƙi ya rubuta cewa ya soki Waziri da mashi, Waziri ya faɗi yana roƙon gafara, ya cika nan take. Mai Waziri kuwa tana barci. Wata uku ta yi tana gina wannan dattijon, har da irin tarin da yake yi kafin ya yi magana a fada. Ta tashi da safe ta tarar har an yi masa jana'iza. Ba ta ce uffan ba, ta fice daga rukunin.

Da muka tuhume shi, cewa ya yi: "To ai halin jarumina ke nan, mugu ne." Kuma ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Labarin da babu rikici ai lami ne, kuma gabar Waziri da Sarkin Yaƙi ce ma ta sa muke ƙona data har ƙarfe biyun dare. Laifinsa shi ne ya rubuta faɗuwar Waziri da roƙonsa da mutuwarsa, alhali ba shi ke da Waziri ba.

Wannan matsalar ta girme mu. Tun 1978 Roy Trubshaw ya fara gina wasan MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. A 1993, a wani dandalin rubutu mai suna LambdaMOO wanda Pavel Curtis ya kafa, wani mai jarumi Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabara yana sa rubutu ya fito da sunan jaruman wasu, yana tilasta musu ayyukan batsa da cin zarafi a idon kowa. Rubutu ne kawai, amma waɗanda aka yi wa sun ji ciwon da gaske. An goge jarumin nasa, daga baya dandalin ya kafa tsarin koke da ƙuri'a. Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen wannan shekarar. Namu bai kai nan muni ba, amma tushen ɗaya ne: wani ya karɓe alƙalamin wani.

Dokar da muka kafa bayan nan gajeriya ce. Ka rubuta yunƙurinka, ka bar sakamako. "Ya kai masa suka" ya halatta, "ya soke shi ya mutu" bai halatta ba. Mai jarumin ne zai ce ya kauce ko mashin ya same shi. In kowa ya ƙi sassautawa, sai a jefa ɗan lidon Telegram, wanda ke fitar da lamba daga 1 zuwa 6, mai babbar lamba ya yi rinjaye. Mutuwa kuwa sai da yardar mai shi. Muka kuma buɗe rukuni na biyu don maganar wajen labari, muka ari dabarar katin X ta John Stavropoulos: duk wanda wani fage ya dame shi ya rubuta "dakata", a tsaya, ba sai ya yi bayani ba.

Ni abin ya fi yi mini kama da wasan Fulani da Barebari. Za ka ji maganar da in a wani wuri ce sai an raba faɗa, amma ana dariya, don kowa ya san iyakar kuma kowa yana da damar ramawa.

Sai dai akwai abin da ɗan lido ba ya gyarawa. Da mai jan ragama ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya, sai ga shi ashe sun samu saɓani ne kan wani aikin rukuni na aji, ita ta cire sunansa don bai halarta ba. Mashin nan dai daga aji aka wullo shi. Shi ya sa yanzu, in faɗan jarumai biyu ya yi zafi fiye da yadda labarin ya nema, ba ma fara da duba doka. Tambayarsu muke a gefe: lafiya kuwa tsakaninku?

Sai da aka yi mako biyu kafin ta dawo, da sharaɗin ita za ta rubuta abin da ya faru a daren. Ta rubuta cewa mashin a cinya ya samu Waziri, gawar da aka binne ta wani bafade ce. Yanzu dattijon yana ɗingishi, yana dogara sanda, kuma tun watan jiya yake zuga Sarki a tura Sarkin Yaƙi bakin iyaka.