Yawon Yini Guda a Gaɓar Tekun Legas: Kasuwar da Gine-gine ke Neman Danne Ta

A duk ranar hutu, musamman lokacin bukukuwan Salla da Kirsimeti, dubban jama'a kan yi tururuwa zuwa gaɓar tekun Legas domin shaƙatawa ta yini guda. Ga mai kallo wannan nishaɗi ne kurum, amma ga masu motocin haya da direbobin kwale-kwale da masu tsire da masu hayar dawaki a bakin ruwa, ita ce ranar cin kasuwa.

Akasarin masu wannan tafiya sukan fara da gandun namun daji na Lekki, wanda ke kan babbar hanyar Lekki zuwa Epe. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ce ta kafa shi a shekarar 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron, a kan fili mai faɗin hekta 78 na fadama da kurmi. Ana bin wata hanya ta katako da aka shimfiɗa bisa ruwa, inda baƙo kan ga birai da kadoji da kunkuru da tsuntsaye iri-iri. A shekarar 2015 aka buɗe wata gada mai lilo da ke ratsa saman itatuwa, mai tsawon mita 401, wadda ta ƙara jawo baƙi ainun.

Daga nan wasu kan wuce Tarkwa Bay, bakin ruwan da ba a isa gare shi sai ta jirgin ruwa. Madatsar duwatsun da aka yi domin kare mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas tana rage ƙarfin igiyar ruwa a wurin, don haka iyalai ke son sa. Masu dawowa da wuri kuwa sukan biya kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, inda 'yan kasuwa da dama daga Arewa ke sayar da jakunkunan fata da duwatsun ado da sassaƙa.

Abin lura ga mai neman zuba jari shi ne, dukan wannan ciniki ya dogara ne a kan abu guda: samun bakin teku da kurmin da ba a gine ba. Wannan kuwa shi ne abin da yake ƙaranci a Legas. Bar Beach, wanda ya shahara a wajen mutanen birnin shekara da shekaru, zaizayar teku ta cinye shi, daga bisani aka cike wurin da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic, wanda aka yi bikin ƙaddamar da filinsa a shekarar 2013. A shekarar 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki da matatar man Dangote, abin da ya ƙara wa filayen yankin daraja. A shekarar 2024 kuma aka soma aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, aka rushe wasu wuraren shaƙatawa da suka faɗo a kan hanyar.

Babu mai musun amfanin waɗannan ayyuka ga tattalin arzikin ƙasa. Sai dai gandun Lekki, wanda a da yake bayan gari, yanzu rukunin gidaje sun kewaye shi, kuma fadamar da aka cike ba ta komawa yadda take. Itatuwan fadama su ne matattarar ƙananan kifaye, su ne kuma ke tare ambaliya a lokacin damina.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwar da ke sha'awar wannan fanni ya binciki takardun fili da taswirar ayyukan gwamnati kafin ya kafa ko da rumfa. Jarin da ake iya ɗagawa, kamar mota da kwale-kwale da sayar da abinci, ya fi gini a bakin ruwa sauƙin haɗari. Wajibi ne kuma mai jirgi ya tanadi rigunan kariya daga nutsewa kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas ta shar'anta, ya kuma yi lissafin watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan sama ke rage baƙi.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800. Ɗorewar wannan kasuwa ta rataya ne a kan yawan abin da hukumomi za su keɓe daga cikinta, su hana a gine.