Wa Zai Kai Tuwon Gangare Ga Mai Ci?

Cikin 'yan shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a manyan biranen duniya, watau sana'ar kai wa mutum dafaffen abinci har inda yake zaune. Mai jin yunwa ya ɗauki wayarsa ya zaɓi abin da ransa ke so, ya biya kuɗi, kafin sa'a guda sai ga ɗan aike bisa babur yana sallama a ƙofa. Ƙasar Indiya tana cikin wuraren da wannan sana'a ta fi yin tashe, can ne kuma aka ga irin ramukan da ke cikinta. Tun da yake iskar ta kaɗo Nijeriya, har a Jos ma ana sayen abinci ta waya, ya kamata a dubi yadda al'amarin zai kasance a unguwa irin Gangare, inda gidaje da yawa suka dogara ga tukunyar sayarwa wajen samun na cefane.

TSOHUWAR SANA'A CE

Kai abinci ga mai ci ba baƙon abu ba ne a Gangare. Unguwar tana cikin tsofaffin unguwannin Hausawa na Jos, ta kuma tashi ne tare da aikin kuza wanda Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20. Da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, sa'an nan babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927, sai leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno da sauran wurare. Da yawansu gwauraye ne, ko kuwa sun baro iyalinsu a gida, saboda haka a hannun masu tuwo da masu fura suke ci. Tun daga wannan zamani dafa abincin sayarwa ya zama babbar sana'ar mata a Jos.

To, amma matar aure da ke cikin kulle ba ta fita kasuwa. Ita dai nata dafawa ne, ko masa, ko ɗanwake, ko alale, ko shinkafa da wake, sauran aikin kuwa na yara ne. Yarinya ta ɗauki tire ta bi rumfuna da tashoshin mota da garejin makanikai, ta san mai biya nan take, ta san mai cewa sai la'asar, ta komo da ciniki ƙulle a bakin zane. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki cikin rubutun da ta yi a 1969, ta nuna yana yi wa gari irin aikin da kasuwa ke yi. Wata kuma daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa cinikin matan kulle bisa ƙafar yara yake tafiya, kuma da ribar talla akan tara wa yarinya kayan ɗaki.

Abin da ya sa talla ya daɗe shi ne arha, gama yarinya ba ta karɓar lada, ba ta kuma shan mai. Amma fa ita ce ke biya a ɓoye, domin lokacin karin kumallo da na abincin rana shi ne lokacin makaranta, ban da haɗarin mota da na miyagun mutane. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro talla a manyan titunan birni, amma ba ta sauke tire daga kan yara ba, saboda uwa ba ta da wanda zai maye gurbinsu. Nan ne sabuwar sana'ar ke da daɗin ji: a ce baligi ya ɗauki abincin a biya shi ladansa, uwa ta yi cinikinta, yarinya ta tafi aji. Sai dai kafin a yi murna ya kamata a ji yadda aka ƙare a inda aka riga mu gwadawa.

YADDA AKA YI A INDIYA

A 2014 waɗansu samari da suka gama babbar kwalejin fasaha ta birnin Mumbai suka kafa kamfanin TinyOwl. A farkon 2015 masu zuba jari suka danƙa musu kimanin dala miliyan 16, su kuwa suka bazu cikin birane, suka ɗauki ma'aikata barkatai, suna ta yi wa masu saye rangwame don su jawo su. Watau kamfani ne ke cika wa mai ci kuɗin abincinsa daga cikin jari. Shekara ba ta ƙare ba kuɗi suka yi ƙasa, aka shiga sallamar ma'aikata. A watan Nuwamba na 2015 ɗaya daga cikin masu kamfanin, Gaurav Choudhary, ya tafi birnin Pune don ya rufe ofishinsu na can, sai ma'aikata suka tsare shi wajen kwana biyu suna neman haƙƙinsu. A 2016 kamfanin ya haɗe da wani, a 2017 kuma Zomato ya saye abin da ya rage.

Manyan da suka tsira ma ba su sha da daɗi ba. An kafa Zomato a 2008, ya fara kai abinci a 2015, amma bai bayyana riba ba sai a tsakiyar 2023. Abokin gasarsa Swiggy, wanda aka kafa a Bangalore a 2014, har lokacin da ya sayar wa jama'a hannun jarinsa a watan Nuwamba na 2024 hasara yake yi. Don su cike giɓi sai suka matsa wa kowa: ƙungiyar masu gidajen abinci ta kai su ƙara a 2021, cikin kokenta har da yawan la'adar da suke yanka, 'yan aike sun sha yin yajin aiki a kan ƙarancin lada, daga 2023 kuma aka ɗora wa mai saye wani ƙarin kuɗi a kan kowane saye.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. A watan Disamba na 2023 Bolt Food ya daina aiki a ƙasar nan, a cikin watan kuma Jumia ya rufe sashensa na abinci a Nijeriya da waɗansu ƙasashen Afirka shida, don abin ba ya biya. Akwai dai waɗanda suka ci gaba, kamar Chowdeck da aka kafa a Legas a 2021, amma sun fara ne daga wuraren da ma'aikata masu albashi da ɗalibai suka yi yawa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

CIKAS ƊIN DA KE JOS

Na farko shi ne kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Abincin Gangare na talaka ne, ribarsa kaɗan ce a kowane kwano. In aka tashi babur takanas saboda kwanon ɗanwake guda, sai kuɗin dako ya kamo kuɗin abincin, ɗan tebur ko makanike kuwa ba zai biya ba.

Na biyu shi ne abin hawa. A 2010 gwamnatin Jonah Jang ta kafa dokar hana acaba a cikin Jos da Bukuru, gwamnatocin da suka biyo baya kuma sun sha jaddada ta. Saboda haka duk mai niyyar wannan sana'a da babur sai ya fara daidaitawa da hukuma, in ba haka ba ya wayi gari an kama masa jarinsa. Keke Napep kuwa ba ya shiga kowane lungu.

Na uku shi ne adireshi. Lungunan Gangare da Dilimi da kwatance ake bin su, a ce bayan masallaci kaza, ko kusa da mai shayi wane. Yarinyar talla ta haddace su, baƙon ɗan aike kuwa sai ya ƙarar da katinsa wajen tambaya, abinci ya huce.

Na huɗu, wanda ya fi ciwo, shi ne rabuwar gari. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sa Musulmi sun taru a waɗansu unguwanni, Kirista a waɗansu. Ko da yake kasuwa ta sake haɗa jama'a da rana, akwai samarin da ba su sakin jiki su shiga wata unguwa da dare, ga shi kuwa da dare ake neman tuwo.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Abin sha'awa shi ne Indiyar nan tana da wani misali wanda ya fi dacewa da mu. Tun 1890 akwai 'yan dakon abinci a Mumbai da ake kira dabbawala, masu ɗaukar abincin rana daga gidaje su kai wa ma'aikata a ofisoshi. Kafin annobar korona ta 2020 ta rage musu ciniki, su wajen 5,000 ne, suna kai kwano kusan 200,000 a kullum, bisa kekuna da jirgin ƙasa, da alamun fenti a murfin kwano maimakon adireshi. Asirinsu shi ne hanya ɗaya ce kullum, lokaci ɗaya, kwanuka da yawa a tafiya guda, kuɗin wata ake biya, kuma masu dakon su ne masu ƙungiyar.

Gangare tana da abin da wannan tsari ke bukata, watau kusanci. Taminus tana bakin ƙofarta, kuma ko da yake babbar kasuwar ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwa ba su bar yankin ba. Ga Dilimi, ga 'Yan Taya, ga tashar Bauchi Road. Matan lungu guda, waɗanda dama sun saba da adashi, suna iya haɗa kai su ɗauki samari biyu ko uku. Masu saye su faɗi bukatarsu ta waya tun da dare, da safe a zuba cikin kuloli, a ɗora wa keke ko baro, a bi layi a raba, a biya ta banki ko wajen mai POS, abin da jama'a suka saba da shi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. In aka raba kuɗin dako a kan kwano talatin, kowa zai iya ɗauka.

Saura hukuma da masu hali. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa ta sa wa gidaje lamba, ta tura duba-gari su riƙa duba tsabtar madafai, gwamnatin jiha kuma ta fayyace wa masu kai saƙo ƙa'idar aiki da babur. Attajiran unguwa su taimaka da jarin kuloli da kekuna, malamai kuma su ƙarfafa wa iyaye gwiwa. Samarin da ke mafarkin kafa kamfani su fara da lungu ɗaya, kada su ƙara na biyu sai na farko ya biya kansa, gama sannu ba ta hana zuwa. Ranar da uwa ta ga cinikinta bai ragu ba alhali 'yarta tana makaranta, ita da kanta za ta jingine tiren talla. Allah Ya nuna mana wannan rana.