Shaidun da Ba Sa Mantuwa a Cikin Kwal

Yau za mu shiga ramin kwal.

Kwal dai asalinsa itatuwa ne da ganyayen fadama da ƙasa ta binne tun kafin a san ɗan Adam. Na Anu Araren da ke kusa da Agadas ya haura shekara miliyan 300, na Inugu kuwa da aka gano a 1909 bai kai miliyan 100 ba. To ta yaya masana ke sanin yadda wurin yake a wancan zamani, alhali babu wanda ya gani?

Suna tambayar wasu sinadarai 17, 'yan gida ɗaya, waɗanda ake wa laƙabi da "masu wuyar samu". Sunan ma ya yi musu ƙarya, domin siriyam, ɗaya daga cikinsu, ya fi darma yawa a doron ƙasa. A warwatse suke kawai. Amfaninsu shi ne ruwa ba ya saurin wanke su daga laka, saboda haka sukan riƙe kamannin dutsen da suka fito.

Akan niƙa samfurin dutse, a narkar da shi, na'ura ta auna kowane sinadari, sannan a gwada da ma'aunin laka da aka sani. Galibi tare suke hawa, tare suke sauka. Biyu ne ke bauɗewa, kuma a nan labarin yake.

Siriyam, idan ya gamu da ruwan teku mai iskar oksijin, sai ya manne wa ƙurar manganis ya nutse, ruwan ya rage da ƙarancinsa. Ganin irin wannan giɓi a wani sashe na dutse yakan nuna cewa teku ya taɓa malalowa wurin. Shi kuwa yurofiyam, ƙarancinsa yakan nuna laka ce daga dutse irin na giranit, yawansa kuma yakan nuna ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa.

A gabashin jihar Kentaki ta Amurka akwai wani shimfiɗin kwal mai suna Fire Clay, da siririyar laka ta ratsa tsakiyarsa. Bincike ya tabbatar toka ce da wani dutse mai aman wuta ya zubar bisa fadamar, sama da shekara miliyan 300 da suka wuce. Sinadaran tokar sun tsiyaya cikin kwal ɗin, har yau ake nazarin tato su daga tokarsa don maganaɗisun motocin lantarki.

Sai dai masanan kan yi hattara: shaida ɗaya ba ya yanke shari'a. Sukan haɗa da burbushin tsirrai da yawan farar wuta kafin su ce ga yadda aka yi.