Murjani ma yana da kuɗin cizonsa

Kafin na tafi SIWES, murjani a wurina bai wuce jan dutsen nan da kakata take sa wa a wuya ranar biki ba. Sai da na je Abuja, wani shago da ke haɗa wa masu hali tankunan gilashi na kifin teku a falonsu, sannan na san cewa murjani dabba ne. Yana ci, yana girma, yana mutuwa. Na wuyan kakata ƙashin wani jinsi ne da ake cirowa a Bahar Rum. Na cikin tanki kuwa rayayye ne: ɗaruruwan ƙananan halittu masu baki da 'yan hannuwa, sun taru sun gina wa kansu ƙashi mai kama da alli. A jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke haɗa musu abinci da haske, ita ce kuma ke ba su yawancin launinsu.

To, duk abin da ke da rai akwai mai cin sa.

A wata na biyu aka ba ni kula da tankin wani gida. Wata rana na ga wani reshe na jinsin Acropora, mai kama da ƙahon barewa, ya fara fari daga gindi. Nan take na ce zafi ne. Ban faɗa a banza ba, domin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma a makon an ɗauke wuta har na'urar sanyaya ruwan ta tsaya. Idan zafi ya yi yawa murjani yakan fitar da gansakukar jikinsa ya koma fari fat. Na gyara sanyi, na koma shago ina jin kaina. Bayan kwana goma rassa uku sun bi sahu.

Ogana da ya zo bai ce mini komai ba. Ya ciro reshen, ya sa a farar roba da ruwan tankin, ya ɗauki sirinji marar allura ya fesa masa ruwa da ƙarfi. Sai ga wasu abubuwa shimfiɗaɗɗu, ruwan ƙasa, kamar ɓawon riɗi, suna faɗowa suna motsi.

"Malam, ka duba kafin ka yanke hukunci?" in ji shi.

Na ce, "Oga, wallahi na duba."

"Da rana ka duba, kuma daga sama."

Wannan tsutsa Acropora kaɗai take ci, tsawonta 'yan milimita ne. Abin da ya sa ba a ganin ta shi ne idan ta ci naman murjani, gansakukar tana zama a cikinta, sai launinta ya saje da na wanda take ci. Don haka ba ita ake nema ba, sawunta ake nema. Farin zafi yakan mamaye jiki ne gaba ɗaya, kuma naman yana nan, launi ne kawai ya tafi. Cizon tsutsa kuwa ɗigo-ɗigo ne zagayayyu, yawanci a ƙarƙashin reshe inda haske ba ya kaiwa. Idan ka haska tocila da dare ka sa gilashin ƙara girma, za ka ga ƙwanta a jere, ruwan ƙasa, manne a kan ƙashin da ta riga ta cinye namansa.

Maganin farko tsomawa ne. Ana ɗibar ruwan tankin a roba daban, a zuba maganin tsoma murjani irin su CoralRx ko Revive, ko kuma aidin, daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, a bar reshen minti biyar zuwa goma ana fesa masa ruwa. Sai a ɗauraye shi a wani ruwan tankin mai tsabta kafin a mayar. Ruwan maganin ba ya komawa tanki, zubarwa ake yi.

Nan ne fa na kusa sake yin kuskure, don na ɗauka an gama. Duk wanda ya kwana a hostel ɗinmu ya san labarin kuɗin cizo: ka fesa magani yau, ka yi barci mai daɗi mako guda, sai ga sababbi sun dawo. Manyan ne suka mutu, ƙwai yana nan a ɗinkin katifa. Haka wannan tsutsa take. Tsomawa ba ta kashe ƙwanta, kuma yana ƙyanƙyashewa tsakanin kwana goma da makonni uku, gwargwadon ɗumin ruwa. Saboda haka muka riƙa kankare ƙwan da wuƙa, inda ya yi yawa mu datse gindin reshen mu yar, sannan mu sake tsomawa duk mako har tsawon makonni shida. Wanda ya yi sau biyu ya gaji, gara ma bai fara ba, domin kowace tsomawa tana wahalar da murjanin.

Akwai sauran maƙiya. Wani ɗan ƙwaro ne rawaya mai jan ɗigo, bai wuce rabin milimita ba, yana hana Acropora buɗe hannuwansa har launinsa ya dushe. Masu kiwo sukan kashe shi da milbemycin, wato maganin tsutsar zuciya na karnuka, amma maganin yana kashe jatan lande da ƙaguwar da ke tankin, dole a kwashe su tukuna. Jinsin Montipora kuma wani farin dodon koɗi marar gida ne ke cin sa daga gefe, shi ma ƙwansa ba ya jin magani. Abu ɗaya da Oga ya hana ni ko da wasa shi ne maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe. Yana warkar da farin ɗigo a jikin kifi, amma idan ya shiga tankin murjani sai dai a yi zaman makoki.

Ku da ke sha'awar wannan sana'a, ku sa safar hannu da tabarau. Wasu murjanan masu laushi, irin su Palythoa, suna ɗauke da dafi mai suna palitoksin. Idan ya shiga ido ko ciwo, maganar asibiti ce, kuma ba a tafasa dutsen da suke kai ko a goge shi da ruwan zafi, don tururin ma yana cutarwa.

Daga baya muka gano ta inda tsutsar ta shigo. Mai gidan ne ya karɓo wani ɗan reshe kyauta wajen abokinsa, ni kuma na manna shi a tanki a ranar, ban tsoma ba, ban keɓe ba. Ka'ida ita ce sabon murjani ya yi makonni huɗu zuwa shida a ƙaramin tanki shi kaɗai, ana dubawa. Na sani, an faɗa mini a makon farko, amma reshen ya yi kyau a ido kuma ina sauri in kama mota.

Cikin rassa tara na Acropora da ke tankin, shida suka tsira. Oga bai cire ko sisi daga ɗan abin da yake ba ni ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ni na rubuta duk abin da ya faru a littafin SIWES ɗina, da hannuna, ya sa hannu a ƙasa, kuma shafin ne malamin da ya zo duba ni ya fi daɗewa yana karantawa.